Rarrauna, rago da la'ifi: amsoshin tambayoyinku a kan kalmomin rashin ƙarfi

A cikin wasiƙun da suka taru a gabana tun bayan sallar layya, biyar sun faɗo a kan abu guda, wato yadda Bahaushe yake kiran mutum ko abin da ba shi da ƙarfi. Na ga ya fi dacewa in haɗa su wuri ɗaya, domin amsar kowace tana jingine da ta ƴar'uwarta.

Wasiƙa ta farko daga wata malama ce da take koyar da Hausa a wata makarantar firamare a Tawa. Ta ce ta rubuta "mutum mai rauni" a allo, sai gardama ta kaure tsakanin ɗalibai biyu: ɗaya ya ce mutumin da ya ji ciwo ake nufi, ɗaya kuma ta ce wanda ba shi da ƙarfi ne. Tana son ta san wanda ya yi daidai, kuma tana tambaya ko "rarrauna" ta mace ce kaɗai, tunda da wasalin "a" ta ƙare.

Malama, Allah ya ƙara basira. Yaran nan biyu duk sun yi daidai, kuma laifin na rubutunmu ne, wanda ba ya nuna karin sauti. Kalmomi biyu ne muke rubutawa da haruffa iri ɗaya. Akwai rauni wanda gaɓoɓinsa biyu duk suke ɗauke da karin sama, kamar yadda muke furta ƙarfi da zafi da nauyi. Wannan shi ne rashin ƙarfi. Akwai kuma rauni wanda yake farawa da karin ƙasa ya ƙare da karin sama; wannan shi ne ciwon da ake ji a jiki ta hanyar sara ko faɗuwa ko haɗarin mota. Kunnen Bahaushe ba ya rikita su, ido ne kawai yake rikicewa. Idan kina so yara su gane ba tare da dogon bayani ba, ki nuna musu cewa na biyun ana ƙirga shi, har yana da jam'i, raunuka, kuma jin sa ake yi ko a yi wa wani: "ya ji rauni a ƙafa", "an yi masa raunuka uku". Na farkon kuwa ba a ƙirga shi, kamar yadda ba a ƙirga sanyi ko nauyi, sai dai a ce mutum yana da shi, ko ya yi masa yawa. Sifar nan "rarrauna" daga na farkon kaɗai ta fito. Saboda haka mutumin da babur ya kayar ya karye a hannu ba rarrauna ba ne, ko da jini yana zuba. Mai yiwuwa ma ƙaƙƙarfan ƙato ne da tsautsayi ya faɗa wa.

Kalmar tana da dangi masu yawa, kuma sanin danginta yana warware tambayarki ta biyu. A Hausa akwai wani rukunin sunaye masu gaɓa biyu, waɗanda galibi suke ƙarewa da dogon wasalin "i", suna ambaton abin da jiki yake ji ko ido yake gani: ƙarfi, zafi, faɗi, zurfi, kauri, tauri, kaifi, daɗi, muni, da rauni. Masanin nan ɗan Ingila, F. W. Parsons, ya yi rubutu na musamman a kan wannan rukuni a shekarar 1955, kuma har yau masu nahawu suna komawa gare shi. Duk suna bin hanya ɗaya wajen haifar da sifa: a ninka farkon kalmar, a mai da wasalin ƙarshe "a". Ƙarfi ya ba da ƙaƙƙarfa, zafi zazzafa, faɗi faffaɗa, zurfi zuzzurfa, kauri kakkaura, muni mummuna, rauni kuma rarrauna. Wannan siga ɗaya ce ga namiji da tamace, sai ɗan harafin da yake haɗa ta da suna ne yake nuna jinsi. Muna cewa "rarraunan jaki" da "rarraunar akuya", kamar yadda muke cewa "zazzafan kunu" da "zazzafar miya". Idan sifar ta zo a baya, "ne" da "ce" su ne suke rarrabewa: tsohon rarrauna ne, tsohuwar rarrauna ce.

Jam'inta raunana ne, kamar ƙarfafa da zafafa da munana. A nan ma rubutu yana ɓoye wani bambanci, domin akwai aikatau da ake rubutawa haka nan. A jam'in sifa ana jan wasalin tsakiya, a aikatau kuwa ana gajarta shi. Ki furta wa yara waɗannan jimloli biyu a hankali: "raunanan dabbobi sun kasa kai wa rijiya", da kuma "yunwa ta raunana dabbobin". Su da kansu za su ji inda murya ta daɗe. Mu mutanen Adar da muke cewa ƙarhi da lahiya, wannan ƙa'ida ba ta canza mana ba. Harafi ɗaya ne ya sauya a bakinmu, ginin kalmar yana nan yadda yake, kuma ina roƙon malamai su daina nuna wa yaro cewa furucin gidansu kuskure ne alhali abin da ake koya masa shi ne daidaitaccen rubutu.

Game da inda ake amfani da ita, ta fara ne daga jiki: jaririn da aka haifa bakwaini, majinyacin da ya tashi daga doguwar jinya, tsohon da gwiwoyinsa suka daina ɗaukarsa, saniyar da ta ga ƙarshen rani. Daga nan ta wuce zuwa kayan da ake ɗora wa nauyi, kamar azara ko igiyar guga ko ginshiƙin rumfa. Sai ta shiga gaɓoɓi da murya, a ce raunin gani, raunin ji, ko "ya amsa da rarraunar murya". Daga ƙarshe ta kai ga abin da ba a taɓawa da hannu: rarraunar hujja, raunin imani, raunin shugabanci. Raunin zuciya shi ne ya fi buƙatar lura, domin fuska biyu gare shi. Idan aka ce uwa tana da raunin zuciya, ba ta iya ganin ana yi wa jikanta kaciya, tausayi ake nufi, kuma ba aibi ba ne. Idan kuwa aka faɗe shi a kan mai gari da ba ya iya tsawata wa ƴan'uwansa, to an shiga zargi.

Wasiƙa ta biyu daga wani matashi ce da yake fassara labarai daga Faransanci zuwa Hausa a nan Yamai. Ya ce duk inda ya ci karo da kalmar "faible" yakan sa rarrauna ko mai rauni, amma wani dattijo a wurin aikinsu yana yawan gyara masa, kuma bai gane dalili ba.

Ɗana, ka riƙe dattijon nan da kyau, gaskiya ce tare da shi. Kalmar Faransancin faffaɗar tabarma ce, tamu kuwa ba ta kai ta faɗi ba, domin Hausa ta riga ta raba wannan aiki ga kalmomi da yawa. Shayin da aka kai zuwa na uku ba rarrauna ba ne, cewa ake yi ya salamce ko ba shi da ƙarfi. Kunun da ruwa ya yi wa yawa tsararo ne, ko a ce ya tsinke. Wutar murhu da ta kusa mutuwa ta yi sanyi ne. Ruwan saman da bai jiƙa ƙasa ba yayyafi ne, kuma idan shekarar gaba ɗaya ake nufi, sai a ce damina ba ta yi kyau ba ko an yi ƙarancin ruwa. Kuɗin shiga da ba su taka kara sun karya ba kaɗan ne, masu su kuma su ne masu ƙaramin ƙarfi. Har abubuwan zamani, mutanen gari sun riga ka yanke hukunci a kansu, domin a bakin titi za ka ji ana cewa rezo (sabis ɗin waya) ba shi da ƙarfi, batir ya yi sanyi, kuran (wutar lantarki) ya yi ƙasa. Wurin da ake kama mutum a kayar da shi kuwa, wanda Faransanci yake haɗawa da waccan kalma, sunansa lago, shi ya sa ake cewa "an gano lagonsa".

Inda na fi so ka yi hattara shi ne wajen ambaton mutanen da ake kai wa agaji. "Masu rauni" ta zama ruwan dare a bakin ma'aikatan jin ƙai, kuma ba kuskure ba ce idan an furta ta da karinta. Amma ka tuna kai rubutawa kake yi, wani ne zai karanta, kuma idan labarin ambaliya ne ko na haɗari, mai karatu zai iya kifar da karin, mai sauraro ya ɗauka waɗanda suka ji ciwo ake nufi. Ka raba su tun a takarda. Waɗanda suka ji ciwo ka ce sun jikkata ko sun ji raunuka. Sauran kuma ka ambace su da sunayensu: tsofaffi, gajiyayyu, marayu, mata masu juna biyu, yara masu tamowa, marasa galihu. Jimlar za ta ɗan yi tsawo, amma tsohuwar da take sauraro a ƙauye za ta san ko da ita ake.

Wasiƙa ta uku ita ce ta fi taɓa ni. Wani Alhaji mai sayar da katako ya rubuto cewa shi da ƙaninsa sun yi saɓani. Ɗan ƙanin nasa ya yi wata biyu ba ya iya ɗaukar kaya, da ya ɗan motsa sai haki, uban kuma yana ta kiran sa raggo a gaban mutane. Alhaji ya ce masa wannan kalma ba ta dace ba, ƙanin ya ce ai raggo da rarrauna duk ɗaya ne, tunda dukansu aiki ya gagare su.

Alhaji, ranka ya daɗe, ba ɗaya ba ne, kuma tazarar da take tsakaninsu ita ce zuciyar wannan al'amari duka. Rarrauna shi ne wanda yake so amma jiki ko hali ya hana shi. Rago shi ne wanda yake da iko amma ya ƙi. Na farko bayanin halin da mutum ya tsinci kansa ne, na biyu hukunci ne a kan ɗabi'arsa. Shi ya sa rarrauna take jawo "sannu" da "Allah ya ƙara sauƙi", rago kuwa take jawo tsaki. Shi ya sa kuma ba za ka taɓa jin an kira jariri rago ba, ko igiya, ko katanga, domin ba su da zaɓin da za a zarge su a kansa. Tamacensa raguwa ce, jam'insa ragwaye, halin kuma ragwanci. Ka rubuta "raggo" da baƙi biyu, kuma haka muke faɗa a yammacin ƙasar Hausa; wannan furuci har yana da wata fa'ida, domin yana raba shi a rubuce da ragon layya, wanda wasalinsa na farko dogo ne.

Filin kokowa ya fi kowane littafi bayyana wannan bambanci. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasar Nijar, wadda ake neman takobi a cikinta, a Tawa a 1975, duk lokacin da aka yi ta ana kayar da maza, wasu tun a karon farko, amma ƴan kallo ba sa kiran wanda ya dafa ƙasa raggo. Cewa ake yi an fi ƙarfinsa, ko an gano lagonsa, ko ranar ba tasa ba ce. Raggo shi ne wanda ake yi wa kiɗa ya noƙe, ko mai cika baki a inuwa, irin wanda aka yi wa karin maganar nan, "inda ba ƙasa nan ake gardamar kokowa". Ƙarfi da rashinsa rabo ne, shiga fili kuwa zuciya ce.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wasu kalmomi da ya kamata a sani. Kumama shi ne wanda rashin kuzari ya zame masa jiki, kullum a sanyaye, kuma kalmar tana ɗauke da ɗan raini ko da ba ta kai zagi ba. Kasala da mutuwar jiki na ɗan lokaci ne, suna iya kama ƙaƙƙarfa bayan zazzaɓi ko a tsakiyar azumi. Mai sanyin jiki yana yin aiki, amma a hankali. Mai raki shi ne wanda ba ya jure ciwo, allura kaɗan sai kururuwa. Mataccen zuciya kuwa ya fi rago muni, domin shi ko kunyar zama a ciyar da shi ba ya ji. Na taɓa ganin yadda kuskuren zaɓe a cikin waɗannan kalmomi ya yi ɓarna. Muna yara akwai wani abokin wasanmu da ake tsokana da raggo saboda ba ya iya bin mu kiwo, sai daga baya aka gane ciwon amosanin jini ne yake cin sa. Sunan ya bi shi har ya girma, kuma har yau idan na tuna cewa da bakina a cikin masu kiran, sai in ji nauyi a ƙirjina. Yaron da yake haki da ɗan motsi kaɗan likita ya kamata a kai shi, Alhaji, kuma ina roƙon ka karanta wa ƙaninka wannan amsa cikin lumana.

Wani ɗalibin Jami'ar Abdu Mumuni ya tambaya ko zai iya amfani da "la'ifi" a madadin rarrauna, tunda ya ji malamai suna cewa asalinsu ɗaya a ma'ana. Ɗana, asalin gaskiya ne, amma kada ka musanya su. La'ifi ararriya ce daga Larabci, daga kalmar da take nufin mai rauni. Akwai wani harafin Larabci mai kauri wanda tsofaffin kalmomin aro suka mai da shi "l" a bakin Hausawa, kuma za ka same shi a alƙali, alwala, larura, lamiri, farilla, walaha da layya. La'ifi tana cikin wannan ayari, abin da yake nuna daɗewarta a harshen. Sai dai da ta zauna a Hausa ma'anarta ta ƙuntata, har ta koma nufin namijin da ba ya iya sauke haƙƙin kwanciyar aure. Idan ka kira dattijo la'ifi kana nufin tsufa ya kama shi, ka tafka abin da ba za ka iya gyarawa da sauƙi ba. A zauren karatu ne kawai tsohuwar ma'anar ta rage, inda ake cewa hadisi la'ifi ne, ko kuma, kamar yadda aka fi ji yanzu, hadisi mai rauni ko rarraunan hadisi.

Zauren karatun nan, a ganina, shi ne ya ba "rauni" martabar da take da ita a kunnen Bahaushe. Duk wanda ya zauna tafsiri ya ji aya ta 28 ta Suratun Nisa'i, inda aka ce an halicci mutum yana mai rauni, da aya ta 54 ta Suratur Rum, wadda ta jera rayuwa daga rauni zuwa ƙarfi, sannan daga ƙarfi zuwa rauni da furfura. Duk wanda ya karanta Arba'una ya haddace cewa ƙin mummunan abu da zuciya shi ne mafi raunin imani. Kalmar da aka siffanta dukan ƴan Adam da ita ba ta iya zama zagi ga mutum ɗaya.

Tambaya ta ƙarshe a kan karin magana ce. Wata baiwar Allah daga unguwar Bukoki ta ce kakarta tana yawan faɗa mata "faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa", ita kuma tana ganin kamar wannan koyar da tsoro ne. Ta kuma tambaya me ya sa ba ta taɓa jin kalmar rarrauna a cikin karin magana ba.

Ƴata, kin lura da abu mai kyau. A cikin karin maganar da na tattara, kalmar kanta ba ta cika fitowa ba, domin karin magana ba ta son sifa, ta fi son hoto. Maimakon ta ce rarrauna, sai ta kawo haki, ko sili ɗaya na tsintsiya, ko kare a gaban kura. Idan kika jera su za ki ga ba murya ɗaya suke da ita ba. Wasu suna faɗa wa marar ƙarfi gaskiya mai ɗaci, kamar "ruwa ba sa'an kwando ba ne" da "kare, ka mutu da haushin kura". Wasu suna nuna masa mafita ta hanyar jama'a: "tsintsiya ɗaya ba ta shara", "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka", "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi". Wasu kuma mai ƙarfin suke ja wa kunne, kamar "ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido" da "gaba da gabanta, aljani ya taka wuta".

Ta kakarki tana tsakanin rukuni na farko da na biyu. Ki dubi aikatau ɗin da aka zaɓa: ba a ce ki gudu ba, ba a ce ki durƙusa ba, an ce ki mai da shi wasa. Wanda ya mai da faɗa wasa shi ne ya canza fagen, ya fitar da rigimar daga inda ake auna damtse zuwa inda ake auna baki da dabara, kuma ya fita da mutuncinsa ba tare da an ce an kayar da shi ba. Wasan da yake tsakanin taubasai, da wanda yake tsakanin ƙabilu a ƙasar nan, wani ɓangare na aikinsa ke nan, wato ya ba mutum damar faɗin magana mai nauyi ga wanda ba zai iya tunkara da fushi ba. Karin maganar tana da iyaka, kuma a nan ina tare da ke: an yi ta ne domin faɗan da babu riba a cikinsa, irin cacar baki da maƙwabci mai neman fitina ko gardama da babban da ba ya karɓar gyara. Ba a yi ta domin marainiyar da aka cinye wa gado ba, ko matar da ake duka a ɗakinta. Waɗannan hanyarsu ita ce ta dangi da mai unguwa da alƙali, kuma na tabbata idan kika kai wa kakarki irin wannan misali, ita da kanta za ta ɗauki mayafinta ta raka ki.